Shin ƙungiyar matuƙa jiragen sama tana sayar da ƙananan 'ya'yanta a teburin tattaunawa?

Tambayar ta fito daga wani matashin matuƙin jirgi da ke shekararsa ta biyu a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen sama na Amurka. Ƙungiyarsu ta ƙwadago ta kawo daftarin sabuwar yarjejeniya, kuma nan da 'yan makonni za a kaɗa ƙuri'a. Ana ta yayata ƙarin albashi mai tsoka, amma da ya zauna ya karanta sai ya ga kyaftin-kyaftin ɗin manyan jirage ne suka kwashi kaso mafi girma, dokokin zaman jiran kira kuwa (zaman da ƙaramin matuƙi ke yi ba da tsayayyen jadawali ba, yana jiran kamfani ya kira shi aiki), waɗanda a kansu rayuwarsa take tafiya, kusan ba a taɓa su ba. Da ya yi ƙorafi, wani babba ya ce masa ya yi haƙuri, wata rana shi ma zai girma. Yana so ya sani: da gaske ne ƙungiya kan sadaukar da ƙananan don manya su ci, kuma ya amince da daftarin ne ko ya ƙi?

Ƙanena, idonka bai yaudare ka ba. Abin da kake zargi ya faru a baya, da shekaru da sunayen kamfanoni, kuma babu abin da zai hana shi sake faruwa. Sai dai a tsawon lokacin da na yi ina nazarin yarjejeniyoyin ƙwadago na wannan fanni, da wuya na ga shugaban ƙungiyar da ya zauna da niyyar cutar ƙananan. Yadda abin ke faruwa shi ne, kamfani ya ce ga iyakar kuɗin da zai bayar, a zo rabo, a tarar sai an rage wa wani, sai ragin ya faɗa kan wanda ba ya cikin ɗakin. Yawanci ƙaramin matuƙi ba ya cikin ɗakin. Wanda ba a ma ɗauka aiki ba tukuna, shi ko ƙofar gidan bai iso ba.

Ka san jerin daɗewa fiye da yadda zan faɗa maka, amma saboda sauran masu karatu bari in bayyana shi. Ranar da kamfani ya ɗauki matuƙi, ranar ake ba shi lamba. Wannan lambar ce ke yanke irin jirgin da zai tuƙa, ko zai zauna a kujerar hagu ta kyaftin ko ta dama ta mataimaki, garin da zai zama sansaninsa, ranakun aikinsa a wata, lokacin hutunsa na shekara, da kuma wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Ƙwarewa ba ta matsar da kai gaba ko da lamba ɗaya. Kuma lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Lokacin da Eastern da Pan Am suka rufe a 1991, kyaftin da yawa masu shekara ashirin da ɗoriya a sama sun koma ƙasan jerin wasu kamfanoni, da albashin sabon shiga.

Ni ina cikin masu kare wannan tsari, duk da nauyinsa. Lokacin da David Behncke da abokansa suka kafa ƙungiyar ƙwadago ta matuƙa, ALPA, a Shikago a 1931, manajoji na matsa wa matuƙa su tashi cikin mugun yanayi, wanda ya ƙi kuma a nemi wani. Jerin daɗewa ne ya sa yau kyaftin zai iya cewa ba zai ɗaga jirgin nan ba sai an gyara, ba tare da tsoron za a hana shi ƙarin girma ba. Kai ma yana kare ka: babu ɗan lelen manaja da zai tsallake ka. Amma shi ne kuma ya sa mutum biyu a ɗakin tuƙi ɗaya, masu biyan kuɗin ƙungiya ɗaya, suke son abubuwa mabambanta. Kyaftin mai shekara 62 saura masa shekara uku doka ta ajiye shi, don haka kuɗi a hannu yanzu yake so, da abin da zai shiga asusun ritayarsa. Kai mai shekara talatin da 'yan kai, bukatarka kamfani ya girma, a sayo jirage, a ɗauki mutane a ƙasanka, a sassauta maka zaman jiran kira. Kowannenku yana da gaskiya, amma daga tukunya ɗaya za a ɗebo.

Dokar ƙasar tana ƙara matse lamarin. Kamfanonin jiragen sama na Amurka suna ƙarƙashin dokar ƙwadago ta jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da su a 1936. A ƙarƙashinta yarjejeniya ba ta ƙarewa, sai dai lokacin gyaranta ya yi, kuma tsohuwar na ci gaba da aiki har a sami sabuwa. Ba a yajin aiki sai hukumar sasanci ta tarayya ta yarda cewa tattaunawa ta cije, sannan a jira kwana talatin, kuma ko a nan shugaban ƙasa na iya shiga. A watan Fabrairun 1997 matuƙan American Airlines sun fara yajin aiki, cikin 'yan mintoci Bill Clinton ya dakatar da shi. Yajin matuƙan Spirit na Yunin 2010, wanda bai kai mako ɗaya ba, shi ake ta ba da misali da shi shekara da shekaru saboda ƙarancin irinsa. Kamfani ya san wannan sarai, shi ya sa ba ya gaggawa. Yarjejeniyar Delta ta isa gyara a ƙarshen 2019, ba a sami sabuwa ba sai Maris na 2023. Ƙungiyar da ba ta iya tilasta wa kamfani ya ƙara girman tukunyar, tilas ta koma musayar wannan da wancan a cikin gida, kuma a nan ne ake taɓa ƙananan.

Misali mafi muni shi ne na 1983. Bayan dokar 1978 da ta sake wa kasuwar jiragen sama mara, sababbin kamfanoni masu arha sun taso, tsofaffin suka shiga neman rage kuɗi. A American Airlines, ƙarƙashin Robert Crandall, aka ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar matuƙan kamfanin, APA: waɗanda ke aiki za su riƙe albashinsu, waɗanda za a ɗauka nan gaba kuwa za a biya su kusan rabi. Mutum biyu, jirgi ɗaya, aiki ɗaya, ma'aunin albashi biyu. Ya wuce cikin sauƙi don waɗanda za su biya ba su da ƙuri'a, ba su ma san za su yi aiki a can ba. Kamfanin ya girma da sauri, kyaftin-kyaftin sun ƙaru, kuma masu kare yarjejeniyar suna nuna wannan. Amma dubban mutane sun shigo da ɗaci a zuciya, kuma an ɗauki shekaru ana sayen wannan kuskure da wasu abubuwa a tattaunawar da ta biyo baya.

Shekara biyu bayan haka United ta nemi irin wannan tsari, matuƙanta suka tafi yajin aiki na kwana 29 a 1985. Abin da nake so ka riƙe daga wannan labari shi ne, kamfanin ya riga ya horar da sababbin matuƙa kimanin 570 da nufin su maye gurbin masu yajin. Kusan dukkansu suka ƙi shiga jirgi. Mutanen da ba su da lamba, ba su da albashi, ba su da kariyar komai, suka tsaya wa ƙungiya, har sai da aka je kotu kafin a ba su aikinsu. Manyan kuma sun ajiye albashinsu a kan batun da su bai shafe su ba. Ba a kawar da ma'auni na biyun gaba ɗaya ba a ƙarshen yajin, an dai taƙaita shi. Duk wanda ya ce maka manya ba su taɓa tsaya wa ƙananan ba, ko ƙananan ba su da abin da za su bayar, bai san 1985 ba.

Ma'auni na biyu ya ɓace daga manyan kamfanoni, amma a ganina bai mutu ba, ƙaura ya yi. A shekarun 1990 da farkon 2000 aka shigo da ƙananan jiragen jet masu kujeru hamsin, daga baya masu saba'in zuwa 76, ana fentinsu da sunan babban kamfani amma wani ƙaramin kamfani ke tuƙa su da nasa matuƙan. Yawan waɗannan jirage da girmansu yana ƙarƙashin wani sashe na yarjejeniyar matuƙan babban kamfani, sashen da ke faɗin aikin da dole su za su yi da wanda za a iya miƙa wa wasu. Sau da yawa an sassauta wannan sashe, wani lokaci don a sami ƙarin albashi, wani lokaci a gaban alƙalin karayar arziki inda ba zaɓi. Kyaftin mai tuƙa babban jirgi zuwa Turai bai ji komai a jikinsa ba. Wanda ya ji shi ne mataimakin da ke ƙasan jeri, wanda hanyoyinsa suka koma hannun wani, da kuma matashin da ya kamata a ɗauka a babban kamfani amma ya maƙale shekara goma a ƙarami. Bayan hatsarin jirgin Colgan, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan kamfanoni, kusa da Bafalo a ranar 12 ga Fabrairun 2009, wanda ya ci rai hamsin, bincike ya nuna albashin mataimakiyar matuƙin bai wuce kimanin dala dubu goma sha shida a shekara ba, kuma daga Siyatil a gabar yamma take ratso ƙasar cikin dare ta zo aiki a gabar gabas. Daga wannan hatsari aka sami dokar awa 1,500 na tuƙi kafin zama mataimaki, wadda ta fara aiki a 2013, da sababbin dokokin hutun matuƙa a 2014.

Yanzu maganar da babban ya faɗa maka. Hausawa na cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, kuma a wannan sana'a akwai gaskiya a ciki: albashin da kake gani a saman jeri naka ne wata rana. Amma da sharaɗi, sai in jerin yana motsi. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 an sallami dubban matuƙa daga ƙasan jeri. A Disamban 2007 majalisa ta ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, wanda ke nufin kusan shekara biyar babu mai sauka daga sama, sai ga karayar tattalin arziki ta 2008 a kai. Akwai waɗanda suka yi shekara goma ko fiye suna jiran a sake kiransu, akwai waɗanda suka yi shekara goma sha biyar a kujerar dama. Su ma an ce musu su yi haƙuri.

Ga abin da matasa da yawa ba sa lura da shi: waɗannan mutanen su ne manyanku na yau. Kyaftin ɗin da ke ce maka ka jira, mai yiwuwa shi aka sallama a 2002 da jariri a gida. Ya ga waɗanda suka gabace shi sun rasa fanshonsu, na US Airways a 2003, na United a 2005, na Delta a 2006, bayan sun yi shekara talatin suna lissafi da shi. Shi yana ganin an ci masa shekara goma, kuma 'yan shekarun da suka rage masa su ne damarsa ta ƙarshe ta cike gurbin. Yana kallonka ka shigo kana karɓar fiye da dala ɗari a awa a shekarar farko, alhali shi da ƙyar ya biya haya a tasa shekarar farkon. Ban ce wannan ya ba shi damar tauye ka ba. Na ce in ka shiga taro kana kiransa mai haɗama, ka rasa ƙuri'arsa a kan abin da kake nema, kuma kana bukatarta.

Kada ka sa rai da kotu. Tun 1944 Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne ƙungiyar ƙwadago ta wakilci duk waɗanda ke ƙarƙashinta da adalci, amma a shari'ar ALPA da O'Neill ta 1991, wadda ta taso daga yajin Continental, kotun ta ce ba za a kama ƙungiya da laifi a kan yarjejeniya ba sai in abin da ta yi ya fita daga hankali gaba ɗaya, ko akwai wariya ko mugun nufi. Fifita manya a rabon kuɗi bai kai wannan ba. Matuƙan TWA, waɗanda aka jera fiye da dubu ɗaya daga cikinsu a ƙasan jerin American bayan sayen kamfaninsu a 2001, sun yi nasara a kan ƙungiyarsu ta ALPA a gaban masu taimaka wa alƙali a 2011, aka sasanta a kan dala miliyan 53 a 2014. Shekara goma sha uku ke nan, kuma kuɗin bai dawo musu da lambobinsu ba.

To, yaya za ka karanta daftarin da ke hannunka? Shafin albashi shi kowa ke fara buɗewa, kuma shi ya fi tayar da hankali. A ce kyaftin na karɓar dala 400 a awa, kai kana karɓar 120, aka ƙara wa kowa kashi ashirin cikin ɗari: shi ya sami 80, kai 24. Kuɗin cike gurbin shekarun da aka yi ana jiran sabuwar yarjejeniya ma yawanci kaso ne na abin da mutum ya karɓa, don haka nan ma shi ne a gaba. Wannan yana da zafi, amma ba shi ne abin da zai sa ni in ƙi yarjejeniya ba, tunda ƙarin yana nan yana jiranka a kowace kujera da za ka hau. Abin dubawa a shafin shi ne shekarun farko: ko an bar su a ƙasa da gangan, ko akwai wani abu da aka rubuta cewa zai shafi waɗanda za a ɗauka bayan wata rana kawai. A Air Canada, a yarjejeniyar 2024 mai ƙarin kusan kashi 42 cikin ɗari a shekara huɗu, babban ƙorafin masu adawa shi ne ƙarancin albashin shekarun farko, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku suka ƙi ta.

Inda za ka daɗe shi ne sashen da ke iyakance aikin da za a miƙa wa wasu. Duba ko an taɓa iyakar kujeru 76, ko nauyin jirgin, ko yawan ƙananan jiragen. Duba kuma haɗin gwiwa da kamfanonin ƙasashen waje, domin duk jirgin dogon zango da abokin hulɗa ya tuƙa a madadinku, kujerun kyaftin da yawa ne suka tafi, kuma kowace kujera a sama tana jan mutane da dama a bayanta. Wannan sashe ba ya da daɗin karatu, lauyoyi ne suka rubuta shi, kuma kalma ɗaya a cikinsa na iya fin duk ƙarin albashin daraja a rayuwar aikinka. Abin da aka bayar a nan da wuya ya dawo. Albashi ana iya gyara shi a zagaye na gaba, jirgin da ya fita daga hannunku kuwa sai an saye shi da tsada.

Bayan shi sai duk abin da aka kira ƙara inganci ko sassauci ga kamfani. In aka yarda kowane matuƙi ya riƙa tashi 'yan awoyi fiye da da, ko aka sauƙaƙa wa manya ɗaukar ƙarin tafiye-tafiye a ranakun hutunsu da ninkin kuɗi, kamfani zai bukaci mutane kaɗan. Ba wanda zai ga an rage masa komai a takardar albashi. Amma ɗaukar sababbi zai ragu, kuma kai da kake jiran a sami mutane a ƙasanka don ka fita daga zaman jira, za ka ƙara shekara ko biyu a ciki.

Zaman jiran kira kansa, wanda bai yi shi kwanan nan ba ya manta yadda yake. Mutum yana zaune da iyalinsa a wani gari, sansaninsa a wani, don wanda ke ƙasan jeri ba ya zaɓen gari. Yakan taho tun jajibiri a kujerar da ta rage, ya kwana a ɗakin haya kusa da filin jirgi, gadaje masu hawa biyu, mutum shida ko takwas, kowa da jakarsa a ɗaure da rigar aiki a rataye. Waya na kusa da kunnensa, domin in an kira yana da awa biyu zuwa uku ya bayyana. Yana iya yin kwana huɗu ba a kira ba, ko a kira shi ƙarfe uku na dare, ko a ƙara masa tafiya a ranarsa ta ƙarshe ya rasa jirgin komawa gida. Don haka ka ƙirga: ranakun hutu nawa ne a wata ga mai jira, nawa ne a cikinsu kamfani ba zai iya taɓawa ba, sau nawa za a iya mai da shi daga dogon wa'adin kira zuwa gajere, kuma me ake biyansa in an shiga ranar hutunsa. Gyara waɗannan yana cin kuɗi, don sai an ƙara mutane. Kwamitin tattaunawa ya san farashin kowane ɗaya. In ba a gyara ba, an zaɓi a kashe kuɗin a wani wuri ne.

Sai kariyar sallama, wadda a shekarar albarka ba mai kulawa da ita. Karanta ta kamar gobe kasuwa za ta faɗi: kuɗin sallama, inshorar lafiya, tsawon haƙƙin a sake kiranka, da ko za a hana ƙarin awoyi ga waɗanda suka rage muddin akwai wanda ke zaune a gida. A nan akwai misalin da ke ba ni ƙarfin gwiwa. A Satumban 2020, lokacin annobar korona, United ta shirya sallamar matuƙa 2,850. Matuƙan suka amince a rage wa kowa awoyi don kada a sallami kowa. Ƙananan ne suka ɗauki ragi mafi yawa, kuma manya da yawa sun ƙi, amma ta wuce. Mutane suka riƙe lambarsu da horonsu, kuma da kasuwa ta dawo suna nan. Wannan ya faru ne domin masu ƙuri'a da yawa sun taɓa ɗanɗana sallama da kansu.

Batun ko ƙi yana biya, tarihi bai ba da amsa ɗaya ba. Matuƙan Delta sun yi watsi da daftari a 2015 da kusan kashi 65 cikin ɗari, suka sami wanda ya fi shi a shekara ta gaba. Na United sun ƙi nasu a Nuwamban 2022 da kashi 94, kuma a 2023 suka karɓi ƙarin da ya kai kashi 40, bayan Delta ta kafa ma'auni da kashi 34. Amma waɗannan sun faru ne lokacin da kamfanoni ke samun riba kuma suna neman matuƙa ido rufe. Matuƙan FedEx sun ƙi nasu a Yulin 2023, kasuwar dakon kaya ta yi sanyi, har 2024 ta ƙare suna kan tsohon albashi. Kuma ka lura, tashin albashin sababbi a 'yan shekarun nan, musamman a ƙananan kamfanoni daga 2022, ƙarancin matuƙa ne ya kawo shi fiye da komai. Abin da kasuwa ta bayar tana iya karɓewa, sai wanda aka rubuta a yarjejeniya.

Akwai abin da ke hannunku wanda na ga ba ku amfani da shi. Kwamitin tattaunawa ba daga sama ya faɗo ba. Wakilan sansanoni ne ke naɗa shi, ku kuma ke zaɓen wakilan, kuma abin da kwamitin ke kaiwa tebur yana fitowa ne daga tambayoyin jin ra'ayi da ake aika wa kowa. Je ka taron bayanin daftari a ɗakin taron otal kusa da filin jirgi ka dubi kujerun: yawanci furfura ce. Ba abin mamaki ba ne, wanda ke saman jeri shi ke iya zaɓen ranar hutu, mai jiran kira kuwa wayarsa na iya ƙara a tsakiyar taron, sabon shiga da ke shekarar gwaji kuma a kamfanoni da yawa ba shi da ƙuri'a, kuma yana tsoron a san sunansa. Amma manyan kamfanonin Amurka sun ɗauki matuƙa fiye da dubu goma a kowace shekara a 2022 da 2023. A wasu sansanoni ku ne masu rinjaye. In kuka cika tambayoyin, kuka fito zaɓen wakilai, kuka sa mutum ɗaya ko biyu da ke zaman jira a kwamitin tsara jadawali, lissafin zai canza tun kafin a zauna da kamfani. Wannan ya fi ƙuri'ar ƙi tasiri, don ƙuri'ar ƙi ba ta faɗin dalilinta. Shugabanni na iya fassara ta da cewa albashin manya ne bai isa ba, su koma su ƙaro shi daga aljihunka.

Game da ƙuri'arka, ga inda na tsaya. In daftarin ya sassauta iyakar aikin da ake miƙa wa wasu, ko ya ƙirƙiri wani sharaɗi na daban ga waɗanda za a ɗauka bayanka, ka ƙi shi, komai girman ƙarin, kuma ka rubuta wa wakilinka dalilin da sunanka. Na biyun zai zo maka da sauƙin haɗiya, don a karon farko kai ne a cikin ɗaki wani yana waje, kuma za a ce maka ai su ba su san abin da suka rasa ba. In kuwa waɗannan biyun suna nan daram, kariyar sallama ba ta ragu ba, matsalar kawai ita ce ba a gyara zaman jira ba kuma rabon ya karkata sama, to sai ka auna kasuwa: ko kamfaninku na riba, ko yana ɗaukar mutane, ko abokan gasarsa sun riga sun ba da fiye da haka. In duk amsar e ce, akwai abin da za a ƙaro in an koma tebur. In kasuwa ta fara sanyi, ni zan karɓa, in fara aikin zagaye na gaba tun daga zaɓen wakilai mai zuwa.

Kafin ranar ƙuri'a, ka je taron bayani ko da ta bidiyo ne, ka tambayi shugaban kwamitin a gaban kowa: daga jimillar kuɗin wannan yarjejeniya, nawa ne ya tafi ga kashi ɗaya cikin uku na ƙasan jeri, kuma nawa kamfani ya ce zai ci in an ƙara wa masu jira ranar hutu ɗaya a wata? Suna da waɗannan alƙaluma, don sashen nazarin kuɗi na ƙungiya yana lissafa kowace bukata kafin a miƙa ta. In ya ba ka amsa da lambobi, ko da ba su yi maka daɗi ba, kana da abin da za ka auna. In ya kauce, ka nemi a rubuta tambayar a bayanin taro, ka kuma aika ta a rubuce ga wakilin sansaninku kafin a buɗe ƙuri'a.